Yadda ake ba maciji ɓeran firiza ba tare da an cutar da shi ba

Ni dai ƴar ƙaramar mesa nake kiwo a nan Jidda, irin wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, a shago bol faiton suke ce mata, asalinta ma daga can wajenmu ne Afirka ta Yamma. Duk wanda ya zo shaggata, wato gidan da nake zaune, tambayarsa ɗaya, wai me take ci? Ɓera take ci, amma na firiza, don mai rai in ya ga mutuwa cizo yake, sai ya ji wa macijin rauni a ido ko a baya. Na kwata da na bayan bakala, wato kantin kayan masarufi, kuwa kar ka soma, ba ka san wane guba ya ci ba. Kafin ma ka sayi macijin ka duba maganar lasisi a manhajar Fitri ta hukumar kula da namun daji, kar ka ja wa kanka tara.

Toh da farko girman ɓeran. Ka dubi inda ya fi kauri a jikin macijinka, ɓeran kar ya wuce wannan kaurin. Jariri duk kwana 5 zuwa 7, babba duk kwana 10 zuwa 14 ya ishe shi.

Sai narkarwa, kuma wallahi a nan ake yin ɓarna. Ka ciro ɓeran tun daren jiya ka sa a leda ka ɗaure, ka jefa cikin roba mai murfi ka ajiye a ƙasan tallaja, wato firji, ya kwana yana saki a hankali. Kar ka bar shi a fili wai zafin gari zai narkar da shi, bayan zai fara ruɓewa cikin kuma yana nan da ƙanƙararsa. Maikrowef ma a'a, wani gefe ya dahu wani gefe sanyi, wani lokacin cikin ya fashe, warin nan sai ka yi sati kana ba maƙwabta haƙuri.

In lokacin ci ya yi sai ka tsoma shi da ledarsa a ruwan ɗumi kamar minti 15 zuwa 20, ruwan da hannunka zai iya zama a ciki, wajen digiri 40. A kula fa, lokacin zafi ruwan da ke saukowa daga tankin saman bene da azahar zafi ne da shi sosai, ka sirka shi tukuna. Daga nan ka matsa cikin ɓeran da kuma kansa da yatsa, in ka ji tauri ko sanyi ko ɗan kaɗan ne mayar da shi ruwa. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa da kansa, in ya haɗiye abu mai ƙanƙara a ciki yana iya amayo shi daga baya, aman nan kuma yana galabaitar da shi sosai. Ga shi mesa da wasu ƴan ramuka a leɓenta take jin zafin abinci, ɓera mai sanyi ko kallo bai ishe ta ba.

Yanzu ka ɗauki dogon hantsaki ka riƙe ɓeran ta baya ka ɗan motsa shi a gabanta, da magariba ko bayan isha ya fi. Banda hannu, yatsanka ma ɗumi gare shi ga warin ɓera, ita ba ruwanta. Da ta cafke ka saki ka ja baya ka rage haske, kuma kar ka ɗauke ta sai bayan awa 48 komai roƙon abokai masu son hoto.

In ta ƙi ci ba abin tashin hankali ba ne, musamman in idonta ya yi fari-fari tana shirin saɓa, ko mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya sanyaya ɗakin da yawa. Bar mata shi ya kwana, da safe in yana nan ka zubar, wanda ya narke ba ya komawa firiza.

Sai tsafta, don ɓeran da macijin duka suna iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, ƙanƙara kuma ba ta kashe ta. Wanke hannu da sabulu, robar da hantsakin a ware su daga kayan kicin, yara ƙanana kar su taɓa. Ni ranar da maiɗakina ta buɗe firiza neman kaza ta ci karo da jerin ɓeraye a leda, washegari na je kasuwar gwanjo na sayo ƴar ƙaramar firiza tasu su kaɗai.