Yadda ake haɗa Apache da Tomcat ta hanyar AJP

Ƙanena da ke aiki a wani ofishin hidimar masu Umra a Jidda ya kira ni bayan la'asar. Manhajar rajistar da suka rubuta da Java tana tafiya sumul a Tomcat, sabar da ke tafiyar da manhajojin Java, amma sai an liƙa 8080, lambar ƙofar (port) Tomcat, a wutsiyar adireshi, ga maigidansa ya dage komai ya bi ta Apache, sabar da ke karɓar buƙatun masu ziyartar shafi, kafin cunkoson azumi. "Yaya, ta ina zan fara?" Ga abin da na faɗa masa.

Apache shi ne mai tsaron zaure, Tomcat yana cikin gida yana aikin. AJP, siga ta 1.3, shi ne yaren da suke yi a tsakaninsu. Apache yakan dunƙule buƙatar baƙo cikin lambobi maimakon dogon rubutun HTTP, ya haɗa da adireshin IP na baƙon, ya miƙa ta layin da ba a katse shi bayan kowane aike.

Fara da Tomcat. Buɗe fayil ɗin server.xml da ke cikin conf, ka nemo layin Connector mai ɗauke da protocol="AJP/1.3" da port="8009". Za ka same shi a rufe cikin alamar sharhi, wato <!-- da -->. Cire alamar. In duka biyun a kwamfuta ɗaya suke, sa address="127.0.0.1", sannan ka ƙara secret="" da doguwar kalmar sirri a tsakanin alamomin.

Nan ne mutane ke yin ganganci. A Fabrairun 2020 aka bayyana ɓarakar da ake kira Ghostcat: duk wanda ya iya kaiwa ƙofa ta 8009 yana iya karanta fayilolin cikin manhajarka. Shi ya sa daga Tomcat 9.0.31 da 8.5.51 aka rufe AJP, aka kuma wajabta kalmar sirri. In babu ita ƙofar ba za ta buɗu ba. Za ka ji masu cewa ka sa secretRequired="false" ka huta. Ni ban yarda ba, balle a manhajar da ke ajiye lambobin fasfo na bayin Allah. Kuma AJP ba ya ɓoye abin da yake ɗauke da shi, don haka kada 8009 ta leƙa intanet ko da wasa.

Sai ɓangaren Apache. A Ubuntu ka buga a2enmod proxy proxy_ajp. Akwai tsohuwar hanya ta mod_jk, tana nan da ranta, amma tana son ƙarin fayiloli. A cikin saitin shafinka ƙara wannan layi:

ProxyPass /umra ajp://127.0.0.1:8009/umra secret=kalmarka

A gurbin kalmarka sa kalmar sirrin da ka sa a Tomcat. Duba sigar Apache tukuna, domin sai daga 2.4.42 ya san wannan secret ɗin. Bar sunan hanya, wato /umra, iri ɗaya a ɓangarorin biyu na layin. Canza shi yana rikita juyawar shafuka.

Buga apachectl configtest, ka sake tayar da Tomcat, sannan Apache, ka gwada adireshin ba tare da 8080 ba. In ka ga saƙon kuskure mai lamba 503, Apache ya ƙwanƙwasa bai sami kowa ba: ko Tomcat bai tashi ba, ko lambar ƙofa ta saɓa. In 403 ce, yawanci kalmomin sirrin ne ba su zo ɗaya ba. Ta ƙanena 403 ce, ya tsallake harafi ɗaya wajen kwafa.