Tiyo ya fashe, mai gyara bai iso ba: kurakuran da muka fi yi a gida

Wajen ƙarfe biyu na dare aka buga mini ƙofa. Yaron maƙwabcina ne, ƙafafunsa sharkaf da ruwa. Ya ce: "Baba, Mamanmu ta ce ka taimaka, ruwa ya cika mana gida, Babanmu kuma yana Dan Isa." Da na shiga na tarar da mutum shida, kowa da bokiti ko kwano, ana ta kwasa ana zubarwa waje. Tiyon da ya bi bangon makewayi ne ya tsage. Na tambayi uwar gidan: "Hajiya, ina ake rufe ruwan gidan nan?" Ta ce wallahi mai gida ne kawai ya sani. Sai da muka yi kusan rabin awa muna tonon rairayi da fitilar salula a bakin ƙofa kafin muka gano makullin, ya nutse a ƙasa, ya yi tsatsa. A wannan rabin awar ne ruwa ya jiƙa gindin katangar laka, ya lalata buhun gero biyu.

Tun daga ranar nake lura da yadda muke yi idan ruwa ya ɓalle a gida, a unguwarmu ta Zariya da sauran unguwannin Maradi. Kurakuran kusan iri ɗaya ne, kuma mafi yawansu daga wuri guda suke fitowa: muna ƙoƙarin yin aikin pulombiye, wato mai gyaran tiyo, alhali namu aikin daban ne. Namu shi ne tsayar da ruwa, da tsare rai, da tsare gini. Gyara na mai gyara ne.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne wanda na gani a daren nan, wato kwasar ruwa tun ba a rufe shi ba. Lissafin mai sauƙi ne. Idan tsagar tana cika bido mai lita 20 cikin minti biyu, a awa ɗaya lita 600 ke nan, tano uku cif. Babu yawan hannuwan da za su riga wannan. Abin yi na farko shi ne a nufi kontar ruwa, wadda galibi take kusa da ƙofar gida, a rufe makullin da ke wurin. Makullan iri biyu ne. Mai hannu dogo, idan hannun ya miƙe tare da tiyo a buɗe yake, idan aka karkata shi ya gicciye tiyon ya rufe, juyi ɗaya ne na kwata. Mai kai kamar ƙaramin sitiyari kuwa ana murɗa shi ne zuwa dama, yadda hannun agogo ke tafiya, har sai ya tsaya. Bayan an rufe, a buɗe robinen da ya fi kowanne ƙasa a gidan, yawanci na tsakar gida, don ruwan da ya rage cikin tiyo ya fita ta can, ba ta wurin tsagar ba.

Amma duk wannan bayani ba shi da amfani idan mutum ɗaya ne ya san wurin. A gidajenmu mata da yara ne ke wuni, maza suna kasuwa ko suna kan hanya. Don haka ina roƙon duk mai gida ya ɗauki minti biyar yau ɗin nan, ya tara iyalinsa, ya nuna musu makullin, kowa ya murɗa da hannunsa. A share rairayin da ya rufe shi, a kewaye shi da bulo biyu. Kuma a riƙa motsa shi lokaci-lokaci, ko sau ɗaya a wata biyu, domin makullin da ya shekara uku ba a taɓa shi ba kan ƙafe. Idan ya ƙafe a ranar tsautsayi, kada a buge shi da dutse ko guduma. Na ga wanda ya yi haka hannun ya karye, ruwa ya ƙaru. A ɗiga masa mai, a kama da kile a riƙa motsa shi gaba da baya a hankali.

Gidan da ke da sato, wato tankin ruwa, a bisa yana da ƙarin aiki da mutane ke mantawa. Ka rufe kontar, ruwa bai tsaya ba, sai hankali ya tashi a ce makulli ya lalace. Bai lalace ba, ruwan satonka ne ke saukowa. Akwai makulli a tiyon da ya fito daga ƙasan sato, shi ma a rufe shi. Idan akwai injin tura ruwa, a kashe shi, don injin da ke juyawa babu ruwa a ciki ƙonewa yake yi. Haka na'urar ɗumama ruwan wanka da wasu ke kunnawa lokacin ɗari: a kashe mata kuran, wato wutar lantarki, kafin a yanke mata ruwa.

Maganar kuran ita ce wadda nake so a fi riƙewa, saboda ita ce ke kisa. Kuran ɗin gidajenmu bolt 220 ne, kuma a ɗakuna da yawa wayar jona kaya tana yashe a ƙasa, firigo da banti da cajar salula duk a kanta. Mutum ya ga ruwa ya shiga ɗaki, sai ya ruga ba takalmi don ya ceci talabijin. Kada a taka ruwan da ya kai ga waya ko piriz. A fara zuwa babban makunnin da ke jikin kontar kuran a sauke shi, da busasshen hannu, ana tsaye a busasshen wuri. Idan shi kansa wurin ya jiƙe, ko ruwa na bin bangon da yake, kada a taɓa shi. A fitar da kowa daga ɗakin, a kira ƴan NIGELEC, kamfanin kuran, ko ƴan kwana-kwana a lamba 18. In kuwa kuran ya riga ya kama wani, kada a cafke shi da hannu, domin zai haɗa da mai ceton. A yanke kuran, ko a ture wayar da busasshen icce. Wani abin kuma: ɗaukewar kuran ba kariya ba ce. Ana iya maido shi a kowane lokaci kana tsakiyar ruwa, saboda haka ko an ɗauke, a sauke makunnin.

Akwai ambaliyar da ba fashewar tiyo ke kawo ta ba, mu ne da kanmu. An ɗauke ruwa da rana, kowa ya zo ya murɗa robine ya ga babu, ya tafi ya bar shi a buɗe. Ruwa ya dawo ƙarfe uku na dare, musamman lokacin zafi da ake yawan samun haka, gari ya waye ɗaki ya zama tafki. Idan ana son a ji dawowar ruwa, a bar robine ɗaya tak, na tsakar gida, da babban baho a ƙarƙashinsa. Sauran duk a rufe kafin a kwanta.

To, an rufe ruwa, an sauke kuran. Nan ne hannu ke fara ƙaiƙayi. Wani ya ɗauko leda ya kunna mata wuta yana ɗiga wa tsagar. Wani ya shafa gam ɗin tiyo a kan jiƙaƙƙen wuri, alhali gam ɗin ba ya kamawa sai tiyo ya bushe, kuma aikinsa haɗa tiyo biyu ne da aka zura ɗaya cikin ɗaya, ba toshe rami ba. Wani ya kwaɓa siminti ya lulluɓe wurin, ruwa ya ci gaba da tsiyaya a ɓoye, mai gyara ya zo sai ya fasa simintin tukuna, kuɗin aiki ya ninka. Abin da ke aiki na ɗan lokaci shi ne wanda kowa ke da shi a Maradi, robar cikin tayar babur ko keke. A yanka ta doguwa, faɗin yatsa biyu, a goge tiyon, a fara naɗi daga ɗan nesa da tsagar, ana ja da ƙarfi, kowane zagaye yana hawa rabin na baya, har a wuce tsagar ta ɗaya gefen, sannan a ɗaure da waya. Wannan zai ba da damar a buɗe makulli kaɗan a tari ruwan girki, a sake rufewa. Kuskuren shi ne a ga ya riƙe a ce an gama. Rana tana cin roba, wata rana da babu kowa a gida za ta saki.

Idan daga wurin haɗi ne ruwa ke ɗiga, a bakin robine ko inda ƙarfe ya shiga roba, kada a ɗaure da dukkan ƙarfi. Haƙoran roba ba sa jure haka, sai su tsage. A ƙara kwata ɗaya na juyi, in bai tsaya ba a sa bokiti a jira.

Toshewar magudana ita ma tana da nata hatsarin, kuma a nan ne na fi jin tsoron abin da ake yi. Ruwan wanka ya ƙi wucewa, sai a zuba soda, bai wuce ba a ƙara asid, a bi da ruwan jabel. Jabel idan ya haɗu da asid yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, a ƙaramin makewayi marar taga kuwa tana iya kayar da mutum. Soda da asid kuma suna tafasa su fantsamo a fuska. Kada a taɓa haɗa biyu daga cikinsu. Mafi yawan toshewa gashi ne da rairayi da leda da maiƙon wanke-wanke, kuma ana iya fitar da su da lanƙwasasshiyar waya ko robar nan mai sanda da ake dannawa. Idan an riga an zuba wani magani bai yi ba, wajibi ne a gaya wa mai gyara kafin ya sa hannunsa.

Idan kuwa masai ne ya cika yana dawo da ƙazanta, a daina zuba ruwa a ko'ina cikin gidan, har wurin wanka idan hanyarsu ɗaya. A kwashe yara da kwanonin abinci da randa daga wurin. Mu a jihar nan mun san abin da amai da gudawa ke yi, ba mu manta yadda cutar ta tashi daga yankin Madarunfa a 2018 ba. Wanda zai share ya sa takalmin roba, ya rufe hannunsa, a wanke wurin da sabulu sannan a bi da ruwan jabel shi kaɗai. Babban gargaɗi kuma: kada kowa ya leƙa kansa ko ya sauka cikin ramin masai don ya ga abin da ya toshe. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ne na biyu da ake rasawa. Aikin masu motar zuƙa ne, in wani ya faɗa kuma aikin ƴan kwana-kwana ne.

Gini ma ana mantawa da shi. Ƙasar Maradi rairayi ce, tana shanye ruwa da sauri, sai mutum ya ga tsakar gida ta bushe ya ɗauka magana ta wuce, alhali ruwan yana ƙarƙashin tushe. Katangar laka daga gindi take mutuwa. Da zarar an tsayar da ruwa, a ja ɗan hanya da fartanya a karkatar da wanda ya taru nesa da bango, a janye buhunan hatsi da katifu, a buɗe ƙofa da taga. In an ga sabuwar tsaga a bango ko gindinsa ya yi laushi, kada a kwana a ɗakin sai magini ya duba. Duk wanda ya ga gidajen da suka faɗi a garin nan a daminar 2024 ya san ba a wasa da jiƙaƙƙen bango.

Saura kiran mai gyara. "Zo maza, ruwa ya ɓace mana" ba bayani ba ne. Zai zo hannu wofi, ya duba, ya koma kasuwa neman kaya, rabin wuni ya tafi. A ɗauki hoton wurin a tura masa ta WhatsApp, a gaya masa ko tiyon ƙarfe ne ko na roba, a karanta masa lambar da ke rubuce a jikinsa, 20 ko 25 ko 32. A yi maganar kuɗin aiki da na kaya tun kafin ya fara. Ɗan haya ya kira mai gidan a lokacin, ya ajiye hotuna, don kada rigima ta taso daga baya. Sannan a duba ta wane gefen kontar ruwan ke fita. Daga kontar zuwa cikin gida naka ne, kai za ka gyara, kuma duk litar da ta zube tana cikin faktir ɗinka. Daga kontar zuwa titi na kamfanin ruwa ne, wato NDE da ta karɓi aikin daga SEEN a farkon 2024. Wannan gefen ba a sa masa pulombiyen unguwa, ba a kuma cire hatimin da ke jikin kontar, sai dai a sanar da ofishinsu.

Bayan an gama gyara, a bar ruwa ya zuba na ɗan lokaci har ya yi fari kafin a sha, saboda ƙasa da datti kan shiga ta wurin da ya fashe. Daga nan a rufe duk robine na gidan, a je a rubuta lambobin kontar, har da jajayen da ke nuna lita, a dawo bayan awa ɗaya ba tare da kowa ya taɓa ruwa ba. Idan lambobin sun motsa, akwai sauran wurin da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa ko cikin bango, kuma gara a sake kiran mai gyaran tun bai yi nisa ba.