Yadda Za Ka Kare Iyalinka Daga Ƴan Damfarar Waya

A Damagaram da wuya ka samu gidan da ba shi da wani a Libiya, Aljeriya ko Kano yana ci-rani. Ƴan damfara sun san da haka, shi ya sa suke neman tsofaffi: "Inna, an kama ɗanki a Sabha, in ba ki turo jaka ɗari biyu kafin la'asar ba, sai dai wani labari." Jarinsu shi ne gaggawa da tsoro, don haka tun kafin wayar ta yi ƙara ake shiri.

Mataki na farko, ka tara mutanen gida ku kafa ƙa'ida: ko dala ba ta fita saboda kiran waya sai an kashe wayar, an kira mutumin da ake magana a kansa a lambarsa da aka sani, ko abokin zamansa a can. Ku kuma ajiye wata kalma ta sirri tsakaninku da matafiyin, wadda ba a taɓa rubuta ta a waya ba. Kada Inna ta ce ai ta gane muryarsa. Yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren saƙon murya.

Na biyu, kulle WhatsApp na kowa, har na kaka. Lambobi 6 da ke shigowa ta saƙo su ne makullin, duk wanda ya karɓe su ya karɓe asusun, ya shiga roƙon dangi kuɗi da sunanka. Ɗan damfara yakan ce lambar shiga wani taro ce, ko ya turo ta bisa kuskure. Ba a bayarwa, ko da da hoton limamin unguwa ya zo. In wayar da Faransanci take, buɗe WhatsApp ka shiga Paramètres, sai Compte, sai Vérification en deux étapes, ka sa lambar sirri. Ka leƙa Appareils connectés ka cire duk na'urar da ba ka sani ba.

Na uku, kuɗi. Saƙo ya ce an turo maka jaka hamsin, wani ya kira yana magiya a mayar masa? Duba asusunka na Airtel Money ko Moov Money da kanka, domin rubuta irin wannan saƙon ba wuya. Lambar sirrinka kuwa kamfani ba ya tambaya, kuma kai za ka danna ta da hannunka ko a cunkoson Kasuwar Dole. Rasit ɗin kamfanonin tura kuɗi irin su Nita ko Amana mai karɓa kaɗai ake tura wa.

Saƙonnin kyautar data, tallafi, biza ko kujerar Makka masu cewa "tura wa mutum 20", share su kawai.

Na huɗu ya fi damuna: yara. Wani zai zo da hoton budurwa ko saurayi a Facebook ko TikTok, ya yi makonni yana hira mai daɗi, ya samu hoton da bai kamata ba, sannan ya ce a biya ko ya watsa. Yarinyar da ta san duka ne ke jiran ta a gida ba za ta faɗa ba, za ta sayar da ɗan kunnenta ta biya, shi kuma ya dawo neman ƙari. Ka gaya musu tun yau: "Ko me ya faru, ku zo gare ni ko mahaifiyarku, tare za mu gyara." Kuma ka cika alkawarin ranar da suka zo. Ƙa'idar TikTok da Facebook shekara 13 ce, ƙaramin yaro bai da abin yi a can, kuma gara wayoyin yara su kwana a ɗakin iyaye.

In abin ya riga ya faru, kada a ƙara biyan komai, kada a goge saƙonnin. Ɗauki hotonsu, da lambar, da rasit. Garzaya ofishin kamfanin da aka tura kuɗin ko za a tare su kafin a cire, sannan ka kai ƙara komisariya ko wurin jandarmomi. Lambar ƴan sanda 17 ce, kuma tun 2019 Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet. In WhatsApp aka ƙwace, sake yin rajista da layinka, shigar da sabbin lambobi 6 da za a turo maka zai fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai ka jira kwana 7, kafin nan ka kira dangi ɗaya bayan ɗaya su san ba kai ke rubutu ba.