Yadda na gama shirin gudu na mako 9 da ciwon diddige

Da na fara, ko minti ɗaya ba na yi sai haki ya kama ni, ga diddigen dama yana sukana duk safiya da na sauko daga gado. Haka na lallaɓa har na kai kilomita 5.

Ka fita sau 3 a mako, da ranar hutu a tsakani. Ni Filin Murtala da ke Kaduna nake zuwa bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. A makon farko, sassarfa ta daƙiƙa 60, tafiya ta daƙiƙa 90, ka yi ta maimaitawa har minti 20. In mako ya yi maka nauyi, sake shi. Ni mako na 5 sau biyu na yi shi.

Ƙafar ce ta fi damuna. Na ajiye silifas, na sayi kambas mai taushin ƙasa a Kasuwar Barci. Da dare ina mirgina gorar ruwa mai ƙanƙara a tafin ƙafa na minti 10, sannan in dafa bango in miƙe sha-raɓa a hankali. Wannan ya rage min sukan safiya sosai. Idan ƙafar ta kumbura ko ka fara ɗingishi, ka dakata ka ga likita.