Kurakuran da kamfanoni ke yi wajen aiki da ma'aunin matakan ƙwarewa

Ma'aunin matakan ƙwarewar aiki ya samo asali ne a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da Ma'aikatar Tsaron ƙasar ke neman hanyar gane kamfanin da zai iya kammala kwangilar manhajar kwamfuta yadda aka yi alkawari. Watts Humphrey ne ya aza harsashin aikin, aka fitar da ma'aunin da sunan CMM a 1991, wanda daga baya sabon fasalinsa mai suna CMMI ya maye gurbinsa. Matakansa biyar ne, tun daga kamfanin da aikinsa ya rataya a wuyan mutum ɗaya har zuwa wanda ke gyara tsarinsa a kai a kai da alƙaluman da ya tattara.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne tsallake mataki. Mai masana'antar casar shinkafa a Kano zai ji an ce mataki na huɗu ya dogara ne a kan alƙaluma, sai ya sayi manhaja mai tsada, alhali shansherar da ake sauke masa daga Kura ba a auna danshinta ta hanya ɗaya: mai aikin safe yana sa na'ura, mai aikin dare kuwa yana tauna ƙwaya ya ce ta bushe. Alƙaluman da aka tara a haka ba su da amfani komai kyan manhajar. Gyaran shi ne a tsaya a mataki na biyu, wato matakin da ake kafa ƙa'idar aiki ana maimaita ta, a ƙayyade cewa danshin ya kasance wajen kashi 14 cikin ɗari kafin a zuba a inji, a fayyace wanda zai auna da littafin da zai rubuta, sannan a bi wannan ƙa'idar har ta zama jiki.

Wasu kuma sukan ɗauko ƙwararre daga waje ya rubuta musu kundi mai kauri da Turanci, a ajiye shi a ofishin manaja, ba mai buɗawa. Waɗanda ke yin aikin su ya kamata su faɗi yadda suke yin sa, a rubuta da Hausa a shafi ɗaya, a manna kusa da injin.

Akwai kuskuren da ba a cika son a faɗa ba, domin ya shafi maigida. An kafa doka cewa kaya ba za su fita daga sito ba sai da takarda, sai ga shi ya buga waya: "Ku ba Alhaji buhu hamsin, za mu daidaita daga baya." Daga ranar nan mai kula da sito ya gane cewa dokar ta yaran gida ce kawai. Idan akwai buƙatar gaggawa, a yi mata tata takardar, maigidan ya sa hannu kamar kowa.

Neman shaida don ratayewa a bango ma kuskure ne, tunda sakamakon tantancewar CMMI shekara 3 yake yi ya ƙare.

Kada kuma a mayar da awo sandar duka. Ma'aikacin da aka zaftare wa albashi saboda ya rubuta cewa karyayyar shinkafa ta yi yawa a aikinsa, gobe abin da zai faranta wa manaja rai zai rubuta. A bar littafin awo don binciken inji da tsarin aiki, maganar ladabtarwa kuma a yi mata wata hanyar daban.