Yadda na gyara ruwan shanmu a Dindir

Da rani nake aikin dafa wa ma'aikata abinci a gandun dajin Dindir na ƙasar Sudan, kusa da iyakar Habasha. Kogin kan kafe bayan damina, sai tafkunan da ake kira maya, inda ɓauna da gwanki ke sha. Motar ruwa ta yi kwana 6 ba ta zo ba, muka koma ɗiba a can. Ruwan kamar kunu. Mutum uku suka kwanta da gudawa.

Na tace da ƙyalle, a banza. Laka ce mai laushi, wucewa take.

Wani dattijo ɗan Mai Wurno, wani gari na Hausawa da Fulani a Sudan, ya ce, "Yaro, ba ka da zogale?" Larabawan Sudan rawwaƙ suke ce wa zogale. Na ɓare busassun 'ya'ya kamar 20, na daka, na dama a kofi, na zuba a jarka mai lita 20. Na juya da ƙarfi, sannan a hankali. Bayan awa ɗaya da rabi laka ta kwanta.

Amma fa zogale ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta. Sai na tsiyaye na sama, na tafasa, na zuba a randa. Murfin na danne da dutse, saboda birai.