Yadda Mai Ƙaramar Sana'a a Zariya Zai Ci Bashi ta Waya Ba Tare da Ya Shiga Uku Ba

A unguwanni irin su Muciya da Hayin Dogo gidaje da yawa ba su da lamba, takardar kuɗin wuta kuma da sunan mai gida take zuwa. Abin da ya daɗe yana hana 'yan haya buɗe asusun banki ke nan. Asusun matakin farko ba ya neman wannan takarda, lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) ko lambar tantancewa ta banki (BVN) ta wadatar. Ba ya riƙe fiye da naira 300,000, amma wannan ya ishi mai shayi ko mai awara.

Fara da lambobinka. Da layin da ka yi rajista, danna *565*0# ka ga BVN, ko *346# ka ga NIN. Tabbatar sunanka da ranar haihuwarka sun zo ɗaya a duka biyun, domin harafi guda kan sa a ƙi ka.

Sai ka bar kuɗin ciniki su riƙa bi ta asusun, ko da ta hannun mai POS ne. Shige da ficen kuɗinka ake dubawa kafin a yanke nawa za a ba ka.

Kafin ka sauke manhajar bashi, nemi sunanta a jerin waɗanda hukumar kare masu saye, FCCPC, ta amince da su. Wadda ta nemi izinin shiga lambobin wayarka ko hotunanka, goge ta. Irinsu ne ke tura wa surukai da maƙwabta saƙon cin mutunci in ka makara, kuma tun 2023 Google ya haramta musu shiga lambobin waya da hotuna.

Yanzu lissafi, inda galibi ake faɗawa rami. Kada ka tsaya kan kason da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Nawa zai shigo hannunka, nawa za ka mayar, a kwana nawa? A ce ka nemi 20,000, aka cire 2,000 tun daga farko, aka ce ka biya 24,000 a mako biyu. Ka karɓi 18,000 ke nan, ka ɗora wa kanka 6,000. Mai sarin tumatir a kasuwar Sabon Gari da ke juya jarinsa kullum zai iya fitar da su. Tela mai jiran ɗinkin Sallah ba zai iya ba. Bashin biki ko suna kuwa, a ganina, bai ma kamata ya zo nan ba.

Akwai kuma maganar ruwa. Yawancin manhajojin nan da kuɗin ruwa suke aiki. Wanda ke gudunsa ya tambayi bankin Musulunci irin Jaiz game da murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ribar da kuka yi ittifaƙi a kai, ko ya riƙe adashinsa.

In ka karɓa, biya kafin ranar ta cika, ka adana shaidar biya. Kada ka ci bashin wata manhaja don toshe na wata, domin da BVN ɗinka ake rubuta tarihin bashinka, sauran bankuna ma suna gani. Lambar sirri da lambar da ke zuwa ta saƙo kuwa kada ka karanta wa kowa, har mai POS ɗin layinku.